Aksul na baya a tsohon keke mai giya: mai tsinke, mai noti, ko a canja ƙafar?

Ƙafar bayan keke ba ta fara rawa haka kawai. Idan ka kama tayar ka girgiza ta hagu da dama ka ji ƙas-ƙas, ko ka ga tana gogar birki duk sa'ad da ka miƙe ka danna feda da ƙarfi, ko kuma an ɗaure kon (notin nan mai tsini da ke matse boris) yau gobe ya sake saki, to sau da yawa aksul ne, wato sandar ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kanta, ya lanƙwashe, in ma bai riga ya karye ba. A keken da ake ɗaure ƙafarsa da tsinke mai liba, wato ɗan hannun da ake ninkewa ya kama ƙafar, abin ya fi ɓuya, domin tsinken da ya ratsa ta cikin aksul yana riƙe da gutsattsarin biyu wuri guda. Sai mutum ya yi ta hawa yana ɗora wa boris laifi, har ranar da za a cire ƙafar aksul ya faɗo gida biyu.

Keken da nake nufi shi ne tsohon keken hawan tsauni, mai giya da taya mai kauri inci 26, irin waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, waɗanda yanzu suke iso mana a gwanjo daga Turai da Amurka: Trek, Giant, Specialized, GT da makamantansu, har da tarin masu araha da suka kwaikwayi surarsu. Kekunan zamani masu tsada sun koma wani tsari dabam, aksul mai kaurin milimita 12 da ke ɗauruwa a jikin firam, a faɗin milimita 142 ko 148. Idan bincike a intanet ya kai ka can, ka juyo, wannan ba naka ba ne.

Hanya uku ce a gabanka. Ko ka mayar da aksul mai rami wanda tsinke ke ratsawa, ko ka sa marar rami da ake ɗaurewa da noti biyu, ko ka bar batun aksul gaba ɗaya ka canja hob ɗin, wato cibiyar ƙafar da aksul da boris suke ciki, ko ƙafar ɗungurungum. Yawancin gardamar da ake yi a rumfar masu gyara a kan biyun farko take, wai wanne ya fi ƙarfi. Ni a ganina wannan gardamar ta bar jaki tana dukan taiki. Abin da ya fi yanke hukunci a kan ko sabon aksul zai daɗe shi ne wurin da boris ɗin ɓangaren dama yake zaune, kuma wannan ya danganta da irin hob ɗin da ke ƙafarka.

Hob iri biyu ne a waɗannan kekuna. Na farko mai firiwil: haƙoran giyar baya duka, haɗe da abin da ke ƙarar tik-tik idan ka daina taka feda, dunƙule ɗaya ne da ake murɗawa a kan tiredi, wato zaren murɗawa, da ke jikin hob. Boris ɗin dama yana can ciki, a gindin firiwil ɗin. Daga shi zuwa inda aksul ya taɓa firam akwai tazarar santimita uku zuwa huɗu a firiwil mai giya bakwai, kuma babu abin da ke tallafe aksul a wannan tsakanin. Ga nauyin mahayi yana dannawa daga sama, ga sarƙa tana fizga zuwa gaba, duka a kan wannan ɓangaren. Kamar reshen bishiya ne da aka rataya wa kaya a can nesa da gindinsa: a gindin zai tsage. Shi ya sa idan ka duba karyayyun aksul na irin wannan hob za ka tarar kusan duka a wuri ɗaya suka karye, daidai bakin kon na dama. A zamanin giya biyar tazarar ba ta da yawa, abin yana tafiya lafiya. Da aka ƙara zuwa shida, bakwai, har takwas, sai tazarar ta ƙaru, karyewar ma ta ƙaru.

Na biyu shi ne mai kaset, tsarin da kamfanin Shimano ya fito da shi a 1978. A nan abin tik-tik ɗin yana cikin wata ganga da ke haɗe da hob, haƙoran kuma zura su ake yi a kan gangar a kulle da zobe. Hikimar ita ce boris ɗin dama ya matso can bakin gangar, dab da firam. Tazarar nan marar tallafi ta kusa ɓacewa. Aksul a irin wannan hob yana iya kai shekaru masu yawa bai ce uffan ba, kuma idan ya karye to akwai dalili na musamman da ya kamata a nemo.

Gane wanne ne naka ba ya buƙatar kwance komai. Cire ƙafar, ka dubi tsakiyar ƙaramin haƙori inda akwai tsage-tsagen da makulli ke shiga, sannan ka juya haƙoran baya da hannu. Idan tsage-tsagen suna juyawa tare da haƙoran, kaset ne. Idan sun tsaya cik haƙoran na zagaya su, firiwil ne.

Kafin a sayi komai sai an buɗe an ga kofin da boris ke gudu a ciki, domin shi ne ke raba gardama tsakanin gyara da canji. Kon da boris ana sayen sababbi, amma kofi a matse yake cikin jikin hob, kuma a yawancin hob ba a samun na canji. A wanke shi tas da kananzir, a goge da tsumma, sannan a ɗauki biro a bi da bakinsa a kan layin da boris ya bari. Hanyar lafiyayya santsi gare ta, biron zai zagaya ba tare da ya tsaya ba. Idan ka ji yana tuntuɓe a ƙananan ramuka, kofin ya ci. Ramin da bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba ana iya lallaɓawa da sabon boris da giris mai yawa. Amma kofin da ya zama kamar an yi masa sassaƙa, ko ya tsage, ko ya nutse ciki saboda an daɗe ana hawa da karyayyen aksul, ya gama aiki. Duk aksul ɗin da ka sa masa asarar kuɗi ne, kuma kai tsaye sai ka tsallaka zuwa hanya ta uku.

Mu ɗauka kofin lafiya lau. To mai rami ko marar rami?

Kowa zai ce marar rami ya fi ƙarfi, kuma gaskiya ne idan kauri ɗaya ne, ƙarfe iri ɗaya. Sai dai bambancin bai kai yadda ake zato ba. Idan sanda tana lanƙwasa, fatar waje ce ke ɗaukar wahalar, tsakiyar kusan hutawa take yi. Huda ramin milimita biyar a tsakiyar aksul mai milimita 10 ba ya rage masa ƙarfin jure lanƙwasa sai da kusan kashi ɗaya cikin goma. Wani abin da ba a cika lura da shi ba kuma shi ne, aksul marar rami da ya fi yawa a kasuwa ba milimita 10 ba ne, inci uku bisa takwas ne, wato milimita 9.5. Wannan rabin milimitar da ya rasa ta cinye kusan duk ribar rashin ramin. Saboda haka wanda ya cire mai rami na asali ya sa marar rami mai araha yana jin ya ƙara ƙarfi, sau da yawa bai ƙara komai ba, wani lokaci ma ragewa ya yi.

Inda bambanci na gaske yake shi ne irin ƙarfen. Aksul mai kyau da ƙarfen kuromoli ake yin sa, wanda ake haɗawa da sinadaran kuromiyam da molibdenam, mai lamba 4130 ko danginsa. Yana jure nauyi mai yawa kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa. Mai araha kuwa ƙarfe ne mai taushi, rami ɗaya mai kyau da kaya a kariya ya ishe shi. Wasu masu kyau ana buga musu Cr-Mo a jiki ko a leda, amma launi ba shaida ba ne, baƙin fenti kowa na iya shafawa. A nan ne gwanjo yake da rana: aksul da aka ciro daga tsohon hob na Shimano, irin su Deore, Alivio ko STX, wanda gare ko wayoyinsa suka lalace amma cikinsa lafiya, na fi amincewa da shi a kan sabo fil marar suna. A mirgina shi a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska kafin a biya. Miƙaƙƙe zai gangara shiru, lanƙwasasshe zai riƙa ɗaga kai yana ɗingishi.

Tunda ƙarfi bai raba su sosai ba, abin da ya rage shi ne yadda kake amfani da keken.

Tsinke mai liba, wanda ɗan tseren keke na Italiya Tullio Campagnolo ya yi wa rajista a 1930, an yi shi ne don a cire ƙafa cikin daƙiƙoƙi ba tare da sifana ba. Yana da amfani ga wanda ke doguwar tafiya a daji inda ƙaya ke yawan huda taya, ko mai saka keke a but ɗin mota. Amma a cikin gari, inda mai faci yake zaro tif ta gefe ya liƙe ba tare da ya cire ƙafar ba, amfaninsa kaɗan ne, illarsa kuma a fili take: yadda ka cire ƙafar cikin sauƙi haka ɓarawo zai cire ta a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci, ya bar maka firam ɗaure da kwaɗo. Ga kuma matsalar rashin sanin yadda ake ɗaure shi. Mutane da yawa murɗa libar suke yi kamar noti har ta tsaya, alhali ninke ta ake yi. Daidai shi ne ta fara tauri tun tana tsaye a layi ɗaya da aksul, sannan a danne ta da tafin hannu har ta bar shaida a fata. Idan yara ko 'yan'uwa suna aron keken, wannan kaɗai ya isa dalilin komawa noti.

Noti kuma yana kama firam da ƙarfin da tsinke mai araha ba ya kaiwa. Wannan yana da muhimmanci a firam ɗin da tsagar da aksul ke zama a ciki take kwance, doguwa daga gaba zuwa baya, domin a irin wannan sarƙa na iya jawo ƙafar ta karkace tayar ta manne da firam. A tsagar da ke kallon ƙasa wannan ba ya faruwa, tsinke ya wadatar. Farashin noti dai shi ne yawo da sifana mai lamba 15, kuma a tabbata akwai wasa mai haƙora ko noti mai faffaɗan gindi a kowane ɓangare.

Ga wanda kekensa na neman abinci ne, mai ɗora jarkoki ko buhu a kariya ko goyon yaro zuwa makaranta, ni marar rami na kuromoli zan zaɓa masa, milimita 10 idan an samu. Jarkar ruwa ɗaya mai lita 25 kilo 25 ce, kuma kusan dukan nauyin a kan aksul na baya yake sauka, nauyi ne kuma da ba ya miƙewa tsaye idan an zo rami yadda mahayi ke yi. A irin wannan aiki ko kashi ɗaya cikin goma riba ce. Akwai wani dalilin kuma: marar rami ya fi yawan lanƙwashewa a gani a ji, mai tsinke kuwa yana iya ɓoye karayarsa har ya cinye kofin. Wanda kuma yake hawa don motsa jiki ko zuwa aiki ba kaya, kuma ya iya ɗaure liba, ya mayar da irin na asali ya huta, kon ɗinsa da notinsa duka za su hau ba tare da neman wasu ba.

A wajen sayen ne ake yawan faɗawa rami, don haka bari in tsaya a nan kaɗan. Aksul mai rami na baya kusan kullum milimita 10 ne, tiredinsa kuma milimita ɗaya tsakanin zare da zare. Marar rami na inci uku bisa takwas yana da zare 26 a kowane inci, wato tazarar da ta gaza milimita ɗaya da ɗan ƙanƙanin abu. Kusancin nan shi ne tarkon. Ɗauki kon na milimita 10 ka murɗa shi a kan aksul na 9.5: zai hau sumul, har ma ya fi sauƙin hawa. Amma riƙe shi da yatsa biyu ka motsa, za ka ji yana lilo a kan tiredin. Kon ɗin da ke lilo ba zai zauna daidai a tsakiya ba, boris zai ci gefe ɗaya, kuma ranar da aka matse shi da notin kulle tiredin zai iya zamewa. Akasin haka ba ya ruɗin kowa, domin kon na 9.5 ba ya hawa aksul na 10 sam. Ka'idar ita ce, duk wanda zai canja kaurin aksul sai ya canja kon da notin kulle da notin waje gaba ɗaya. Sannan sabon kon ya yi kama da tsohon a tsawo, da lanƙwasar inda boris ke gudu, da faɗin murfin ƙura. Kon mai gajeren wuya zai nutse cikin hob har sifana ta kasa kama shi, mai ƙaramin murfi kuma zai bar ƙofa a buɗe ga ƙurar hunturu da ruwan damina.

Shi ya sa ba a zuwa shago da baki kawai. A tafi da tsohon aksul da duk abin da ke kansa, a jere yadda aka ciro su, a zura su a waya ko igiya don kada su cakuɗe. Idan mai kaya ya ce, "Alhaji, duk ɗaya ne, zai hau," amsar ita ce, "To Malam, bari mu gwada kon ɗina a kai tukuna." Minti ɗaya ne.

Sai tsawo. Auna faɗin da ke tsakanin fuskokin ciki na firam inda ƙafar ke shiga. A yawancin kekunan tsauni daga farkon shekarun 1990 milimita 135 ne, waɗanda suka girme su 130, wasu ma 126. Aksul mai rami yana fin wannan faɗin da milimita 11, wato 146 ga firam mai 135, 141 ga mai 130, 137 ga mai 126, ta yadda kimanin milimita biyar da rabi zai leƙo a kowane gefe. Wannan ɗan leƙowar dole ta gaza kaurin ƙarfen firam ɗin. Idan aksul ya zarce fuskar waje ko da kaɗan ne, tsinken zai matse kan aksul ya bar firam, libar za ta yi tauri kamar ta kama alhali ƙafar a sake take. A firam masu araha da ƙarfen wurin siriri ne, sai an rage aksul da zarto ko magagari. Kafin a yanka a fara murɗa noti ya wuce wurin, domin idan an warware shi bayan yankan zai gyara bakin tiredin. Marar rami ba shi da wannan takura: ya fi faɗin firam da kamar santimita huɗu don noti ya sami wurin kamawa, in ya ɗan yi tsawo ba laifi.

Abubuwa uku da ake yi don gudun kashe kuɗi, ba na ba da shawarar ko ɗaya. Miƙar da lanƙwasasshen aksul da guduma yana iya kai mutum gida, amma ƙarfen da ya lanƙwashe aka mayar ya riga ya gaji a wurin. Walda tana kashe taurin ƙarfe, ba ta kuma fitowa a miƙe. Sandar tiredi ta shagon kayan gini kuwa, ko da milimita 10 ce, tazarar zarenta ɗaya da rabi ce, kon ba zai hau ba.

Wani hob ɗin ma ba kon da boris warwatse gare shi ba, boris ɗinsa rufaffe ne irin na inji, kamar mai lamba 6000. Aksul ɗin irin wannan yakan zo da kafaɗa da aka fiƙe a jikinsa, kuma na gama-gari ba ya maye gurbinsa, sai irinsa.

Wajen haɗawa, firiwil sai an cire shi kafin a kai ga kon na dama yadda ya kamata, kuma da makullinsa mai tsage-tsage ake cirewa. Bugun zoben fuskarsa da ƙusa da guduma buɗe cikinsa yake yi, ƙananan boris su watse a ƙasa. A fara da ɓangaren dama: kon, zoben tazara, notin kulle, a jera su daidai yadda suke a tsohon, a auna leƙowar, a ƙulle su tam, domin da zarar haƙora sun koma ba a sake isa gare su. Boris tara-tara ne a kowane gefe a mafi yawan hob na baya, masu girman rubu'in inci. Idan ka tarar da bakwai a cikin keji, ana iya jefar da kejin a zuba tara warwatse, sun fi raba nauyi. A sa sababbi duka, kada a gauraya da tsofaffi. Saitin ƙarshe daga hagu ake yin sa, da siririyar sifanar kon, yawanci mai lamba 15, da wata mai lamba 17 a kan notin kulle. A nan ma aksul biyun sun bambanta. Mai noti ana saita shi ya juya sumul ba rawa ko kaɗan. Mai tsinke kuwa ana bar masa ɗan motsi ƙanƙani yana hannu, saboda idan aka danne liba aksul yana ɗan matsewa, motsin ya ɓace. Wanda ya saita shi cif a hannu, a kan keke ya yi tsauri ke nan, kuma boris zai fara cin kon tun daga ranar. Kada kuma a mayar da zoben tazara daga wannan gefe zuwa wancan, yin haka yana kawar da garen daga tsakiyar firam, birki ya riƙa kama gefe ɗaya.

Idan wannan ne karo na biyu da aksul ya karye, kada ka sa na uku sai ka duba firam. Fuskokin nan biyu da ke kama aksul dole su kalli juna daidai. Idan ɗaya ta karkace, sakamakon faɗuwa ko sakamakon hawa da karyayyen aksul na baya, to duk lokacin da aka ɗaure ƙafar ana lanƙwasa sabon aksul tun kafin a hau. Gwajin gida shi ne a ɗaure dogon ƙusa mai noti a kowace tsaga, kawunansu su fuskanci juna a tsakiya. Idan sun haɗu baki da baki, lafiya. Idan ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa, sai an gyara. Firam na ƙarfe yana karɓar gyara a hankali. Na alminiyam ba ya son a tanƙwara shi, tsagewa yake yi. Maganaɗisu zai gaya maka wanne ne naka.

Idan firam lafiya yake, hob mai firiwil ne, kuma aksul mai kyau ya sake karyewa, to nauyinka da hanyarka sun fi ƙarfin tsarin, lokacin hanya ta uku ya yi. Mai nauyi sosai ko mai dakon kaya kullum da firiwil mai giya bakwai ko takwas, ni ba zan ma ce ya jira karo na biyu ba in da hali.

Akwai wata 'yar hanya ta gefe ga mazauna gari marar tudu waɗanda dama ba sa taɓa giya: a sa firiwil mai haƙori ɗaya, a rage zoben tazara na dama a mayar hagu, a sake saita wayoyin ƙafa garen ya dawo tsakiya. Tazarar nan marar tallafi ta ragu ke nan sosai. Aiki ne na wanda ya iya saita ƙafa, kuma a firam mai tsaga mai kallon ƙasa sai an bar abin canja giyar a wurin don ya riƙe sarƙa.

Komawa kaset ana yin sa ta hanya biyu. Ko a sayi hob kaɗai a sake saƙa ƙafar a kan tsohon gare, ko a sayi ƙafa sukutum. Saƙawa tana da ma'ana ne kawai idan garen mai kyau ne, mai bango biyu, bai ci ba, kuma akwai gwanin saƙa a kusa. Ramukan hob su yi daidai da na gare, 32 ko 36, sannan tsofaffin wayoyin ba lallai tsawonsu ya dace da sabon hob ba. Idan aka haɗa kuɗin hob da wayoyi da ladan aiki, sau da yawa ƙafar gwanjo cikakkiya ta fi sauƙi, kuma ita nake fara nema.

Wajen zaɓenta a duba lambar da ke jikin taya ko gare. Inci 26 na keken tsauni shi ne mai lamba 559. Akwai wani inci 26 ɗin mai lamba 590, na tsofaffin kekunan Ingila, wanda tayarka ba za ta hau ba, birki ma ba zai same shi ba. Idan birkinka mai kama gare ne, garen ya kasance mai shafaffen gefe na birki, kuma a shafa gefen da yatsa: wanda ya lotsa ciki ya kusa fashewa. Faɗin hob ya dace da firam. Firam na ƙarfe mai 130 ana iya buɗa shi ya karɓi 135, na alminiyam a nemo masa daidai da shi. A juya aksul da yatsu a ji ko yana gurzawa, a riƙe gangar kaset a girgiza a ji ko tana lilo, a murza ta baya a ji tik-tik ɗin yana fita tsaf.

Abin daɗin shi ne ba sai an canja abin canja giya na hannu ba. Tazarar haƙora a firiwil mai giya bakwai da kaset mai giya bakwai na tsarin Shimano ɗaya ce, milimita biyar, don haka giya za ta ci gaba da shiga bayan ɗan saiti. Idan ƙafar da ka samu gangarta ta giya takwas ko tara ce, wadda ta ɗan fi tsawo, ana sa zoben tazara mai milimita 4.5 a bayan kaset mai bakwai kafin a kulle. A lissafin kuɗin a haɗa da kaset ɗin kansa, da sabuwar sarƙa kuma, domin sarƙar da ta tsufa tare da tsohon firiwil ta riga ta miƙe, za ta riƙa tsalle a kan sababbin haƙora duk lokacin da aka danna feda da ƙarfi.